Inda Auta Ya Tsaya

Litinin, da yamma, bayan na dawo daga aiki

Yau na ga Auta.

Bari in rubuta a hankali. Ba a titi na gan shi ba, a allon kwamfutata na gan shi a wurin aiki. Ƙanena da ya fita daga gidan nan wata biyu da suka wuce, ya bar wayarsa a kan katifa, ya bar Umma a banɗaki tana ƙwala masa kira ya rage mata wutar tukunya, shi ne ya faɗo min a cikin hotunan da nake gogewa.

Duk wanda na gaya wa aikina sai ya ce, "Kuma biyanku ake yi?" Kamfanin da ke yin taswirar waya yana da motoci masu kyamara a ka, suna zaga gari suna ɗaukar hoton kowane titi. Kafin a saki hotunan dole a dusashe fuskar duk wanda motar ta kama. Na'ura ce ke yin yawancin aikin, amma na'urar sakarya ce, sai ta goge fuskar akuya ta bar ta mai akuyar. Mu ne masu bin bayanta. In kin ga fuska ki ja mata akwati ki danna, fuskar ta narke, wani hoton ya zo. Ba a rubuta mana sunan titi, ba a rubuta rana, kuma ba a komawa baya. Wayoyinmu suna kulle a bakin ƙofa har a tashi.

Yana tsaye a gaban wata doguwar katanga mai ruwan ƙwai. Ya goya hannuwansa a baya, irin tsayuwar Baba. Akwai falwaya da ta ɗan karkace, koren kwandon shara, da inuwar gadar sama a gefe guda. Rigar nan shuɗiya mai ratsi ce a jikinsa, wadda na saya masa ya ce ta sa ya yi kama da kwandasta. Ya ɗan waiwayo yana kallon motar, inuwar falwayar ta raba fuskarsa biyu, shi ya sa na'urar ba ta gane mutum ba ne.

Na zauna ina kallonsa har gefen allon ya koma ja. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Ƙara Sauri don ba shi da wata gaisuwa sai ita, ya taso daga kujerarsa ya nufo ni. Na haddace abin da zan iya haddacewa. Sannan na ja wa ƙanena akwati na danna.

Talata, da asuba

Na sa wayarsa a caji. Saƙo uku sun shigo, duk na talla.

Talata, da yamma

Na sami Ƙara Sauri a ofis ɗinsa kafin a fara aiki. Na gaishe shi gaisuwar da ban taɓa yi masa ba, har da tambayar iyali. Na ce ƙanena ne a hoton jiya, na san a tasa kwamfutar ana ganin inda aka ɗauki kowane hoto.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Malama, na tausaya miki wallahi. Amma in na buɗe miki, gobe wani ya zo ya ce matarsa ce, jibi wani ya ce wanda ya cuce shi ne. Duk abin da na buɗe ana gani daga sama. Ki kai wa 'yan sanda, su rubuto."

Na ce 'yan sanda sun ce babba ne, da ƙafarsa ya fita.

Ya ce, "To kin gani." Sai ya dubi agogo.

Da na dawo na tarar da Umma inda na bar ta, a kujerar bakin taga, abincin rana a rufe ko cokali ba ta sa ba. Zanen da take ɗaurawa yanzu sai ya zaga ta ya yi saura. Ban shirya faɗa mata ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Umma, an gan shi."

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Wa ya gan shi?" Na ce ni, a hoto, a wurin aiki. Ta ce, "Da takalmi a ƙafarsa?" Na ce da takalmi. Ta ce wace riga, na gaya mata. Ta kalle ni, ta ce in ɗumama mata shinkafar.

Ta cinye. Na tsaya a kicin ina jin ƙarar cokali, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya fita.

Alhamis, da magariba

Na fara nema. Dabarar ita ce gadar sama: tunda inuwarta ta fito a hoton, katangar tana kusa da gada. Da an tashi aiki sai in hau bas ɗin da ke bin ƙarƙashin wata gada, in sauka, in bi gefe ɗaya in dawo ta ɗayan.

Ashe garin nan gaba ɗaya ruwan ƙwai aka yi masa. Ban taɓa lura ba, ni da aka haifa a cikinsa. Makaranta ruwan ƙwai, asibiti ruwan ƙwai, gidan mai ruwan ƙwai, kamar mutum ɗaya ne ya samu fentin a banza ya rarraba wa kowa. Falwaya kuwa babu wadda ta tsaya daidai. Sau huɗu gabana yana faɗuwa yau, sau huɗu ina zuwa in tarar ba ita ba ce.

Gabas ce kawai ban nufa ba. Ba abin da zai kai shi can, babu komai a can yanzu.

Asabar, bayan la'asar

Tun safe nake tafe. Ƙafata ta yi ruwa a wuri biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ni da abin nunawa. Hoton yana kaina ne kawai. Sai in tsayar da mutum in ce, "Don Allah bawan Allah, ka san wata katanga mai ruwan ƙwai kusa da gada?" Ya cire abin kunnensa guda ɗaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Sa a taswira mana." In sa me? In rubuta katanga? Wata mata da na tambaya sai ta riƙe jakarta da hannu biyu. Wani mai facin taya ne kaɗai ya saurare ni har ƙarshe, ya karɓi hoton Auta da ke wayata ya duba, ya ce, "Hajiya, tura min, zan sa a guruf ɗinmu na waya." Kowa guruf. Gari cike da mutane, babu mai ɗaga kai, amma kowa yana da guruf.

Namu na dangi ma haka. Tun da Auta ya fita, kullum da safe sai an turo hoton fure da addu'a a jiki. Matar Kawu, yayan Umma, ta fi kowa ƙoƙari, furenta har ƙyalli yake. Gidanta bas ɗaya ne zuwa nan, sau ɗaya ta tako.

Na zauna a bakin wani kwalbati na huta. Na ƙirga mutanen da suka wuce suna magana su kaɗai da abu a kunne, sai na daina, don na tuna Auta ma a watannin ƙarshe yana magana shi kaɗai, shi kuma ba komai a kunnensa.

Lahadi, da hantsi

Kawu ya zo. Lif ya lalace, ya hawo bene shida da ƙafa, sai da ya sha ruwa kofi biyu kafin ya iya amsa gaisuwa. Ya ja ni baranda ya rage murya. Ya ce an kira shi daga babban asibiti, akwai wani da aka kawo ɗakin sanyin nan na baya inda ake ajiye gawa, ba a san danginsa ba, shekarun sun yi daidai.

Na ce, "Kawu, ba inda za ni. Na gan shi da idona ranar Litinin."

Ya ce, "'Yar nan, hoto kika gani."

Na ce hoton ma ai mai rai ake ɗauka a tsaye.

Ya tafi shi kaɗai. Ya kira da azahar ya ce ba shi ba ne. Na ce ai na faɗa. Da na kashe wayar sai na tarar ina zaune a ƙasan banɗaki, ban san lokacin da na shiga ba.

Kafin ya tafi ya leƙa ɗakin Auta ya ce, "Yaron nan bai taɓa sakewa a gidan nan ba." Gaskiya ce. Tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu aka watsa mu cikin waɗannan benaye, Auta bai taɓa cewa "gida" ba. Sai dai ya ce, "Yaya, kina akwati ne?" ko "Na kusa isowa akwati." Muna dariya lokacin. Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa, shekara uku ke nan, da tarinsa kawai na san shi.

Litinin, lokacin hutun rana

Na kasa goge fuska ba tare da na kalle ta ba. Da can ba na gani, hannu ne kawai ke aiki. Yanzu kowane sai na tsaya: wannan tsohon da ke riƙe da leda, wannan yarinyar da ke gyara ɗankwali a gilashin mota, wa ke nemansu? Wa zai so ya san a nan suka tsaya?

Maƙwabciyata ta tebur, wadda ke tauna cingam tun safe har yamma, ta leƙo ta ce, "Ke, ba aurensu za ki yi ba, danna ki wuce." Na yi dariya don kar ta ji kunya.

Da na fita jiya, fuskokin mutane a bas sun yi min dishi-dishi kamar na riga na bi ta kansu. Na murza ido. Yunwa ce, ina jin.

Talata, da asuba

Na sa wayarsa a caji. An taya shi murnar cin kyautar da bai shiga ba.

Laraba, da safe

Na shiga ɗakinsa neman abin caji. Rigar nan shuɗiya mai ratsi tana rataye a bayan ƙofa, a goge.

Laraba, da yamma

Yana da irinta biyu. Ina jin biyu na saya. Akwai ragi a lokacin, na tuna akwai ragi.

Umma ta ci abinci sau biyu yau, har ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ta tambaye ni ko na gano titin. Na ce na kusa.

Juma'a, bayan la'asar

Na ɓata. Ni, a garin da na yi makaranta, na san inda ake sauka a canja mota tun ban kai tsawon tagar bas ba.

Na bi wata gada da ban san an gama ta ba, na sauka a wani wuri duk gine-ginen gilashi. Na buɗe taswirar, taswirar tamu, wadda nake ci da ita. Shuɗin ɗigon nan ya ce ina tsakiyar wani titi mai suna. Na duba gabana, shingen kwano ne da rami. Muryar matar ta ce in juya dama. Dama kwata ce. Ta sake cewa in juya dama, cikin ladabi, kamar ni ce mai taurin kai. Na zage ta da ƙarfi, har wani mai sayar da ruwa ya ja da baya.

Sai na yi abin da ban yi niyya ba. Na tsaya a bakin titi na kira sunansa, sunansa na gaskiya, da iya ƙarfina. Motoci suka ci gaba da wucewa. Wani saurayi ya ɗaga waya ya saita ni. Ban hana shi ba. Na ce a raina wataƙila in ya sa a guruf ɗinsu, ya zaga ya zaga, ya isa inda Auta yake, ya ga abin da ya mayar da yayarsa.

Amma ai ba shi da waya.

Lahadi, da rana

Ban fita ba. Ƙafar ta kumbura. Umma ta dafa min ruwan zafi da gishiri ta ce in tsoma, ta zauna tana kallon ƙafar.

Ranar da 'yan sanda suka tambaya ko wani abu ya faru a gida kafin ya fita, Umma ta ce babu, ni ma na ce babu. Har yanzu a kan haka muke.

Talata, da yamma

Ƙara Sauri ya kira ni. Ya ce aikina ya koma rabin na kowa, daga sama sun yi magana. Ashe ma maƙwabciyata ta tebur ce ke ja min wasu hotunan zuwa nata allon tun makon jiya, da ba haka ba da abin ya fi muni. Na je in yi mata godiya ta ce, "Rufe min baki, kin fi kyau da masifa."

Ya ce in ɗauki hutu. Na ce in na bar kujerar nan wani hoton Auta ya zo, wa zai gane shi? Wani zai danna ya wuce. Ya ce in koma bakin aiki.

Na gaji. Na gaji da katanga, na gaji da gada, na gaji da hawa bene ina shirya fuskar da zan shiga da ita. Ina jin haushin Auta, wannan ma bari in rubuta. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, kuma da zai turo ƙofar nan yanzu ko "ina ka je" ba zan ce ba.

Alhamis, da azahar, a tashar bas

An sallame ni.

Ƙara Sauri da kansa ya rako ni har bakin ƙofa, abin da ba ya yi wa kowa. Na karɓi wayata. Muka tsaya a waje inda injin sanyaya ɗaki ke ɗiga. Ya kalli hagu da dama ya ce, "Tunda yanzu ba ma'aikaciyarmu ba ce ke, ni kuma hira nake da wata baiwar Allah a titi. Bayan sabon babban kantin nan na gabas, gefen da ake ajiye motoci. Daren jiya na duba, in sun tambaya zan ce kuskure ne."

Na fara yi masa addu'a. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya, Malama, ban gama ba. Hotunan da kuke gogewa ba sababbi ba ne, sai sun yi watanni kafin su iso gare ku. Wannan an ɗauke shi wata biyar da suka wuce."

Na ce wata biyu ke nan da ya fita.

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na so ki bi ta hannun 'yan sanda, su su faɗa miki."

Na ce na gode. Na ce a gaida iyali. Ga bas ɗin gabas nan ya zo.

Alhamis, da yamma

Ita ce. Katangar, falwayar, kwandon sharar, inuwar gadar. Na taɓa katangar da tafin hannuna, da zafinta.

Na tsaya daidai inda ya tsaya, na goya hannu a baya, na kalli abin da yake kallo. Siminti ne da fenti, ba komai. Na ce me ya kawo ka nan, Auta, me ka gani a jikin bango? Sai wata mota ta yi min hon na waiwaya.

Tsohon tankin ruwan nan na ƙarfe mai dogayen ƙafafu yana can tsallaken titi, shi kaɗai suka bari. Kuma daga inda nake, tsaninsa yana hagu, ƙafarsa mai lanƙwasa tana dama. Kusurwa ɗaya ce a duniya ake ganinsa haka. Daga dokin ƙofarmu a tsohuwar unguwa. Nan nake zama in goya Auta ina nuna masa tankin don ya yi shiru.

A ƙofar gidanmu yake tsaye. Katangar a kan ɗakin Umma aka ɗora ta. Na yi mako biyu ina ɗauke da hoton wurin da aka yanke min cibi a kaina, ina tambayar baƙi ko sun san shi.

Mai gadin wurin motocin ya taso ya ce, "Hajiya, lafiya? Mota kike jira?" Na nuna masa hoton Auta. Ko daƙiƙa bai yi ba ya ce, "A'a, mutumina! Ai kullum da hantsi yana nan. Ya gaishe ni, ya tsaya ya yi ta kallon bango, ya tafi. Har na taɓa ce masa in fenti yake so ya koya in haɗa shi da wani." Ya yi dariya, sai ya ga fuskata ya daina. Na ce yaushe rabonsa da shi. Ya ce an kwana biyu, ya fi wata biyu ma.

Lokacin nan kullum sai ya yi wanka ya ce mana ya tafi neman aiki.

Na dawo. Umma ta ce, "Yau kin yi wuri." Na ce an tashe mu da wuri.

Juma'a

Riga ɗaya na saya.

Asabar, da magariba

Da safe na fito na tarar da Umma ta yi wanka, ta sa kayan fitarta, ta sa takalmi, jaka a cinya. Rabonta da sauka daga benen nan tun ranar da muka je wurin 'yan sanda. Ta ce, "Kin gano wurin, na gani a tafiyarki. Kai ni."

Na ce ƙafarta, na ce lif, na ce rana. Ta ce, "Ke, ni na haife ki."

Muka sauka, tana hutawa a kowane hawa. A bas ba ta kalli taga ba. Da muka isa na kai ta gaban katangar na ce a nan ne. Ta duba sama ta duba ƙasa ta ce, "Nan kuma ina ne?"

Na kama kafaɗunta na juya ta. Ta daɗe tana kallon tankin. Sai ta sake juyowa wajen katangar, ta ɗaga hannu ta nuna wani wuri a jikin fentin ta ce, "Nan gadona yake." Ta ɗan matsar da yatsa. "Nan na haife shi."

Na ce, "Umma, akwai abin da ban gaya miki ba. Hoton tsoho ne. Tun kafin ya fita aka ɗauka. Ba wanda ya gan shi."

Ta ce, "Na sani. Rigar da kika ce, ni na wanke ta na goge bayan ya tafi."

Na ce to me ya sa ta yi shiru, ta bar ni ina ta gararamba a gari kamar mahaukaciya.

Ta ce, "Da kika shigo ranar nan idonki ya dawo irin na mutane. Na ce ɗaya ya tafi, in na yi magana ɗayar ma za ta kwanta. Sai na ci abincin."

Ni ina zaton ni nake riƙe da ita.

Ta tattara zanenta ta zauna a kan dakalin gefen titi, ta jingina da katangar. Na ce mu tafi, rana ta yi. Ta ce, "In gida yake nema, nan zai zo. Benen can ba zai je ba, kin fi ni sani." Mai gadi ya zo ya ce ba a zama a nan, dokar kanti ce. Umma ta ɗaga kai ta ce, "Ɗana, a ɗakina nake zaune." Ya kalle ni, na kalle shi. Ya koma rumfarsa, can sai ga shi da kwali ya ce ta shimfiɗa, simintin da zafi.

Sai da aka yi la'asar ta yarda muka taso.

Lahadi, da safe

Ina tsoron ya mutu. Wata biyu da rabi ina zagaye kalmar nan, ga ta na rubuta. Ina tsoron ya mutu a wani wuri da ba wanda ya san sunansa, kuma ba za mu taɓa sani ba.

Umma tana bakin ƙofa da takalminta tun ɗazu. Ta zuba abinci a kula, na mutum uku. Na ce Umma, mu biyu ne. Ta ce na mai gadi ne, kuma in yi sauri kar hantsi ya wuce.